Zobba Uku Na Natan Mai Hikima

Ya ku 'yan makaranta, littafin da za mu duba a wannan mako wasan kwaikwayo ne na Jamusawa, sunansa Natan Mai Hikima. An buga shi a shekarar 1779, an kuwa juya shi zuwa Turanci da waɗansu harsuna masu yawa. Dalilin da ya sa muka zaɓe shi, yana magana ne a kan wata tambaya wadda duk yaron da ya zauna benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba ya taɓa yi wa kansa. Watau, kadan addinina shi ne gaskiya, yaya zan zauna da wannan abokina wanda shi ma haka ya ke faɗa game da nasa? Littafin ya ba da amsa. Za mu ga inda amsar ta yi kyau, da kuma inda ta gaza.

Mai Littafin

Sunan mai littafin Lessing. An haife shi a shekarar 1729 a wani ƙaramin gari, Kamenz, a ƙasar Jamus, ubansa kuwa malamin coci ne. A shekarar 1770 aka ba shi aikin kula da ɗakin littattafan wani sarki daga cikin sarakunan Jamus. Yana cikin wannan aiki sai ya buga waɗansu takardu da wani malami ya rasu ya bari, masu ja da abubuwa da yawa na cikin Littafi Mai Tsarki. Nan fa gardama ta tashi tsakaninsa da wani babban malamin coci na birnin Hambug, sunansa Goeze. Suka yi ta mayar wa juna martani a takarda, har a shekarar 1778 sarki ya hana Lessing buga kome a kan addini sai da izini. Da ya ga an toshe masa wannan ƙofa sai ya koma ga wasan kwaikwayo, ya zuba maganarsa a bakin mutanen cikin wasa.

Akwai abu biyu da ya kamata ku riƙe. Na ɗaya, amininsa Bayahude ne, Musa Mendelson, masanin da ya yi suna a Balin a zamanin da a ke wulakanta Yahudawa a Jamus, har ba su zama a gari sai da takardar izini. Mutane da yawa suna ganin halin wannan amini ne Lessing ya ɗora wa Natan. Na biyu, a ƙarshen shekarar 1777 ɗansa ya rasu yana jariri, ba a yi mako uku ba matarsa ta bi shi. Saboda haka inda littafin ya yi maganar rashi, wanda ya ɗanɗana ne ya ke magana. Lessing ya rasu a 1781, bai ga an yi wasan nan a fili ba, gama sai a 1783 aka fara yinsa a Balin.

Labarin A Taƙaice

Labarin ya faru a Birnin Ƙudus, zamanin Sarki Salahuddini, wajen shekarar 1192, lokacin da aka ɗan tsagaita yaƙi tsakanin Musulmi da Nasaran da suka zo daga Turai. Natan, attajirin Bayahude, ya komo daga fatauci a Babila, sai ya tarad da labari cewa gobara ta kama gidansa, 'yarsa Reka ta kusa ƙonewa, wani saurayi barde daga rundunar Nasara ya kutsa cikin wuta ya fid da ita. Shi kansa barden bawan yaƙi ne. An kama su su ashirin, aka kashe sauran, shi kaɗai Salahuddini ya yi wa afuwa domin ya ga yana kama da ɗan'uwansa Asad wanda ya ɓace da daɗewa. Kun ga tun daga farko an ɗaura sarƙar alheri: Musulmi ya bar Kirista da ransa, Kiristan ya ceci 'yar gidan Bayahude.

Amma barden nan ba ya ƙaunar Yahudawa ko kaɗan, har ya ƙi karɓar godiya. Sannu a hankali Natan ya shawo kansa da haƙuri da kyakkyawar magana, suka zama abokai, saurayin kuwa ya kamu da son yarinyar. A fada kuma baitulmali ya bushe, gama Salahuddini mutum ne mai kyauta ƙwarai. 'Yar'uwarsa Sitta ta ba shi shawara ya kira Natan ya ɗana masa tarko da wata tambaya, kadan ya faɗa ciki a sami hanyar karɓar kuɗinsa. Tambayar ita ce, cikin addinai ukun nan wanne ne na gaskiya? In ya ce na Yahudawa, ya ɓata wa sarki rai. In ya ce Musulunci, sai a ce to me ya hana shi shiga?

Natan ya amsa da tatsuniya. Wani mutum a gabas yana da zobe mai daraja, asirinsa shi ne duk wanda ya sa shi da sakankancewa zai zama abin ƙauna ga Allah da mutane. Zoben yana bin gado, uba ya ba ɗan da ya fi so, wannan ɗan kuwa shi ne mai gida. Har aka zo kan wani uba mai 'ya'ya uku waɗanda ya ke so daidai wa daida, ya kuma yi wa kowannensu alkawarin zoben a ɓoye. Da ajali ya matso sai ya sa maƙerin fari ya ƙera masa guda biyu irinsa, suka yi kama har shi kansa ya kasa rarrabewa. Ya ba kowa ɗaya, ya rasu. 'Ya'yan suka yi ta jayayya har gaban alƙali. Alƙali ya tuna musu asirin zoben, ya tambaye su wa ya fi samun ƙaunar sauran biyun. Suka yi shiru. Ya ce watakila ma dukansu na jabu ne a hannunsu. Sa'an nan ya ba su shawara maimakon hukunci: kowa ya riƙe nasa a kan shi ne na ainihi, ya yi ƙoƙari ya nuna ƙarfinsa ta wurin tawali'u da haƙuri da alheri da miƙa wuya ga Allah, har ranar da wani alƙali wanda ya fi shi sani zai zauna ya yanke.

Salahuddini ya ji kunya, ya kama hannun Natan ya nemi abotarsa. Daga baya asiri ya tonu cewa Reka ba 'yar cikin Natan ba ce, 'yar Kirista ce da ya riƙa tun tana jaririya. Barden, cikin fushi domin Natan ya yi jinkirin ba shi ita, ya kai maganar gaban babban limamin Kirista na Ƙudus, wanda ya yanke cewa irin wannan Bayahude ƙona shi za a yi. A ƙarshe wani ɗan littafin addu'a mai rubutun Asad ya nuna cewa Reka da barden wa da ƙanwa ne, ubansu kuwa Asad ne. Aka rungumi juna, wasa ya ƙare.

Inda Littafin Ya Yi Kyau

Tatsuniyar zobe ba Lessing ne ya ƙago ta ba. Tana cikin littafin labaru ɗari na Bokaciyo, mutumin Italiya, wanda aka rubuta wajen shekarar 1350. Amma a can dabara ce kawai, wayon attajiri ne na kuɓuta daga tarkon sarki. Lessing ya ƙara abu biyu waɗanda suka sāke ta sarai, watau asirin zoben da shawarar alƙali. Da wannan ƙari sai gardamar ta tashi daga baki ta koma hannu. Mai cewa nasa ne na gaskiya, an ɗora masa nauyin ya nuna a halinsa. Ku lura, alƙali bai ce su jefar da zobban ba, bai kuma ce su narke su su ƙera guda ɗaya ba. Kowa da nasa zai koma gida. Masu karatun Alƙur'ani a cikinku za su tuna da aya ta 48 a Suratul Ma'ida, inda aka umurci al'ummai su yi tsere wajen ayyukan alheri, aka bar bayanin saɓaninsu ga Allah ranar komawa gare Shi. Masu karatun Linjila kuma za su tuna da misalin Basamariye a sura ta 10 ta Luka, wanda ya taimaki mutumin da limamai suka wuce, alhali ba jama'arsu ɗaya ba. Shawarar alƙalin ba baƙuwa ba ce a gidan kowa.

Wurin da ya fi kowane ƙarfi a littafin, a ganina, ba zancen zobe ba ne. Yana can kusa da ƙarshe, inda Natan ya gaya wa wani tsohon mai hidimar coci yadda ya sami yarinyar. Shekara goma sha takwas kafin nan, Nasara suka karkashe Yahudawan wani gari, aka ƙone matarsa da 'ya'yansa maza bakwai. Ya kwana uku cikin toka yana kuka, yana la'antar duniya, ya rantse ba zai daina ƙin Kirista ba har abada. Hankalinsa na komowa ke nan, yana miƙa al'amarinsa ga Allah, sai ga wannan mutum ya kawo masa jaririya marainiya, 'yar Kirista. Ya karɓe ta, ya ɗauka Allah ne ya mayar masa da ɗaya daga cikin bakwai. Mai hidimar cocin da ya ji haka ya ce lalle Natan Kirista ne na gaske, Natan kuwa ya nuna masa cewa abin da ya sa ya ga Kirista a jikinsa, shi ne ya sa shi ma ya ke ganin Bayahude a jikin mai hidimar. A nan ne mai karatu ya ke gane cewa haƙurin Natan ya saye shi da tsada. Wanda ba a taɓa cuta ba, yin afuwa a bakinsa ba wuya.

Har wa yau akwai wani darasi a farkon wasan. Reka ta kafe a kan mala'ika ne ya cece ta. Natan ya tambaye ta, kadan mutum ne, baƙo, ba shi da kowa, yana kwance ba lafiya a wannan sa'a fa? Mala'ika ba ya bukatar kome daga gare ta, mutum kuwa yana bukata. Ya nuna mata jin daɗin ibada a zuci ya fi sauƙi bisa ga tashi a yi wa wani alheri. Wannan magana ta shafi kowa, kome addininsa.

Inda Ya Gaza

Yanzu kuma ga abin da ba mu yarda da shi ba, gama yabo kaɗai ba ya gyara littafi.

Na fari, tatsuniyar ta tsaya a kan cewa zobban ba su rarrabuwa. Salahuddini da kansa ya ja da wannan a cikin wasan, ya ce addinan sun bambanta har a tufafi da ci da sha. Natan ya amsa cewa dukansu a kan labarin da aka gāda su ke tsaye, kowa kuwa iyayensa ya fi gaskatawa. Amsar tana da daɗin ji, tana kuma koya wa mutum kada ya raina wanda ya bi iyayensa yadda shi ma ya bi nasa. Amma ta bayyana dalilin da ya sa mutane su ke riƙe da addininsu ne kawai, ba ta taɓa abin da addinan su ke faɗa ba. Kirista ya gaskata an gicciye Almasihu ya tashi. Musulmi ya gaskata ba a gicciye Annabi Isa ba, Allah ya ɗauke shi. Bayahude yana jiran Almasihu har yanzu. Waɗannan maganganu uku ba su haɗuwa, wanda duk ya ce muku ɗaya ne bai saurari ko ɗaya daga cikinsu da kyau ba. Ga kuma uban cikin tatsuniyar, wanda ya yi wa 'ya'yansa alkawari uku a kan abu ɗaya, sa'an nan ya rufe da jabu. Ba Musulmi ko Kirista ko Bayahude mai imani da zai yarda a kwatanta Ubangiji da irin wannan uba.

Na biyu, mutanen kirki na cikin wasan duk sun sassauta riƙonsu. Ba mu ga Natan yana kiyaye Asabar ba, Reka kuwa bai koya mata addininsa ko na iyayenta ba, sai sanin Allah gwargwadon hankali. Salahuddinin wasan ma ba a cika jin salla ko shari'a a bakinsa ba. Waɗanda suka riƙe addini da ƙarfi, watau babban limamin da Daya mai renon Reka, su ne aka nuna da mugunta ko ƙarancin tunani. Yaro zai iya tashi daga karatun nan yana zaton sai an rage imani a ke iya zaman lafiya. Wannan kuskure ne, tarihi kuwa ya ƙaryata shi. Wajen shekarar 615, da tsanani ya yi yawa a Makka, Musulmi suka yi hijira zuwa Habasha, ƙasar sarki Kirista, Najjashi. Ƙuraishawa suka aiko da kyautai a mayar musu da su. Sarki ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ya ji karatun Suratu Maryam, ya ƙi ba da su. Ja'afar bai ɓoye abin da ya gaskata game da Annabi Isa ba, ko da ya ke ransa da na jama'arsa suna hannun mai saurarensa. Masu imani sosai ne suka yi wannan zama, kowa ya faɗi nasa a fili, amana kuwa ta tsaya.

Na uku, ƙarshen wasan ya raunana abin da tsakiyarsa ya gina. Bayan an sha wahalar koya mana mu ƙaunaci wanda ba namu ba, sai aka rufe da cewa ashe duk dangi ne. To, ina abin mamaki kadan sarki ya rungumi 'ya'yan ɗan'uwansa? Naka sai naka, kowa ya san wannan ba sai an rubuta littafi ba. Natan kuwa, wanda ya yi renon shekara goma sha takwas, shi kaɗai ne ba ya cikin dangin. Waɗansu masu sharhi suna cewa nufin Lessing shi ne 'yan Adam duka gida ɗaya ne. Mai yiwuwa ne. Amma hanyar da ya bi, ta ɗan littafin da ya ɓullo a daidai lokacin da a ke bukatarsa, hanyar tatsuniyar gizo ce, ba ta kai darajar sauran littafin ba.

Na huɗu, zobba uku kaɗai aka ƙidaya. Ina Bamaguje, ina mutanen Hindu da na Sin? Yahudawa da Kirista da Musulmi duk suna ambaton Annabi Ibrahim, suna cewa Allah ɗaya ne, akwai hisabi, a girmama iyaye, a ciyad da matalauci, kada a yi shaidar zur. Samun abin da ya haɗa su ba wuya. Amma kadan kama da juna ita ce dalilin zaman lafiya, me za a yi da wanda bai yi kama da kowa ba? Shi ma yana da rai da dukiya da mutunci waɗanda ba su halatta a taɓa ba. Tushen da ya fi ƙarfi shi ne adalci, gama adalci ba ya tambayar mutum zobensa kafin ya ba shi hakkinsa.

Ku kuma sani Salahuddinin wasa ba daidai ya ke da na tarihi ba. Gaskiya ne da ya karɓi Ƙudus a 1187 bai yi kisan da Nasara suka yi ba sa'ad da suka ci garin a 1099, ya bar mutane su fanshi kansu, har Turawa suka riƙa yabonsa. Amma shi ne kuma ya sa aka kashe bardayen irin rundunar nan da aka kama a yaƙin Hittin a wannan shekara. Sarkin yaƙi ne na zamaninsa. Kada ku ɗauki wasan kwaikwayo ku amsa jarrabawar tarihi da shi.

Hukuncinmu

Abin da ya sami littafin daga baya shi ma darasi ne. An yi shekaru masu yawa ana karanta shi a makarantun Jamus, duk da haka da Hitila ya hau mulki a 1933 aka kawad da shi, aka kuma hallaka Yahudawa wajen miliyan shida kafin yaƙi ya ƙare. A watan Satumba na 1945, cikin kangon Balin, da wannan wasa aka sake buɗe wani babban gidan wasa na birnin. Kun ga littafi mai kyau ba ya tsare gari kadan masu karatunsa sun bar shi a aji. Kun kuma ga azzalumai sun san inda ƙarfinsa ya ke, shi ya sa suka ji tsoronsa.

Saboda haka ku neme shi ku karanta, amma da ido biyu. Ku karɓi shawarar alƙali, ku bar zancen cewa zobba ba su rarrabuwa. Ba a neme ku ku ce addinin abokinku daidai ya ke da naku ba, shi ma ba a neme shi ba. Abin da a ke nema ya fi wannan wuya: ka gaskata naka da zuciya ɗaya, ka faɗe shi ba zagi, sa'an nan ka yi wa wancan gaskiya a ciniki, ka gaishe shi ran rashi, ka tsaya masa ran da a ke zaluntarsa. A Ƙudus ɗin nan da labarin ya faru, mabuɗin babbar cocin da Kirista su ke cewa nan ne kabarin Almasihu yana hannun Musulmi, gidaje biyu ne su ke gādon tsaronsa da buɗe ƙofar, ɗaruruwan shekaru ke nan. Mai buɗewa bai gaskata abin da masu shiga suka gaskata ba, amma da asuba ƙofa tana buɗe.

Ga tambaya ku tattauna da malamanku a aji: da ku ne alƙalin nan, ɗaya daga cikin 'ya'yan kuwa ya kawo shaida tabbatacciya cewa zobensa ne na ainihi, wane hakki ya rage wa sauran biyun a gidan ubansu? Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ƙara muku basira, amin.